Tseren kwalekwale: an ce mu masu jirgin inji mu tsaya gadin yan tsere, ya ake tsara abin?

Dan_Tasha:

Slm yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah wadanda suka san harkar ruwa ko suka taba shiga irin wannan hidimar ku taimaka min da shawara.

Mu muna bakin Neja ne kasa da Yauri, daidai inda ruwa ya fara fadi ya zama tafkin Kainji. Tunda Rigata, bikin wasannin ruwa, ta dawo da karfinta a Yauri yaran garinmu suka kwallafa rai su ma sai sun yi nasu tseren, an yi ta ja-in-ja dai har hakimi ya sa albarka, yanzu an tsayar da rana cikin Fabrairu. Kwalekwale 14 ne suka yi rajista kowanne mutum bakwai, za su tashi daga tashar jirage su zagayo wani gungu, wato tsibiri, da ke tsakiyar ruwa su dawo, zuwa da dawowa zai kai kilomita shida ko ya dan fi. Ba irin tseren bakin gaba bane da in an kife yan kallo za su fada su kamo ka, akwai wajen da in kana tsakiya ba ka gane fuskar wanda ke tudu, ihu ma ba a ji.

To mu hudu masu jirgin inji aka nema mu ba da gudummawa fisabilillahi mu zama masu ceto, ni injin Yamaha mai karfin doki 40 gare ni, mutum biyu ma 40, na hudun 15 ce. Mun amsa ba musu don kannenmu ne da yayan yayyenmu a ciki. Matsalar da muka zauna da kwamiti nace to mene tsarin, sai shugaba yace ai ba wani abu bane ku dai bi su a baya in wani abu ya faru ku taimaka. Shikenan tsarin wlh. Kuma wai tunda jirgina ya fi kyau ni zan dauki manyan baki da masu daukar bidiyo mu rika bin na gaba. An fi awa biyu ana maganar rumfa da kujeru da makada da wanda zai mika kofi, maganar ceto ko minti biyar bata samu ba.

Ni dai lodin fasinja da buhuna na sani ranar kasuwa, ban taba gadin tsere ba, kuma duk wanda ke wannan yankin bai manta hadarin jirgin ruwa da ya faru a Warrah a 2021 ba, in na tuna gabana faduwa yake. Shin jirage hudu sun isa mutum kusan dari? A ina ya kamata mu tsaya? Me za mu rike a cikin jirgi? Sannan maganar rigar ruwa, yan tseren sun ce su ba za su sa ba wai tana hana tuki kuma abin kunya ne a ga dan gungu da laif jaket. Ngd

Tsoho_Bakabe:

Wa alaikumus salam dana, Allah shi yi ma albarka da ka tsaya ka yi tambaya. Ni mutumin Argungu na, na dade ina taya mutanen Sarkin Ruwa hidima ranar Kabanci, wasannin ruwa na bikin kamun kihi, lokacin da karhi na nan, amma in hwada ma gaskiya Matan Fada kogi na siriri, wanda ya kihe ana ganinai daga kowace gaba, naku ruwan ya hi namu hadari nesa ba kusa ba. Don haka abin da zan ce ka hada da na tsofaffin masunta na nan wajenku.

Maganar manyan baki ka kashe ta tun yau. Jirgin ceto ba ya daukar yan kallo. Mutum ukku kawai, kai da ke rike da inji kuma ba ka sakinai ko mi ya hwaru, sai karfafa biyu a gaba masu jawo mutane, guda cikinsu aikinai kallo da kirga kawuna. Yi lissahi da kanka, kwalekwale guda ya kihe mutum bakwai na cikin ruwa, in ka riga ka cika jirgi da masu babbar riga da masu kyamara ina za ka zuba su? Kuma bako in ya ga an kihe mikewa tsaye yake ya koma gehe guda don ya gani da kyau, sai a samu hadari biyu maimakon guda. In shugaba na son baki su sha kallo ya yi hayar wani jirgin daban, shi ma a yanka mai iyakar da ba ya wucewa.

Sai wurin tsayawa. Kada ku taru ku hudu a baya. Tsere in anka tashi dan lokaci kadan ake tare, daga nan layi ya mike, na gaba ya ba na baya rabin kilomita ko hiye, in kuna baya duka to na gaba ba su da kowa. Guda ya tahi tun kahin a busa usur ya tsaya wajen gungun, don wajen kwana ake karo, kowa na son ya matse ta ciki, filafili na bugun filafili, ga ruwa na juyawa a gindin gungu. Mai 15 din nan ku ba shi baya, ya bi kwalekwalen karshe kuma kada ya wuce shi ko da rarrahe yake, in ya iso tasha kowa ya san babu sauran mutum cikin ruwa. Ku biyun da kunka rage ku raba tsakiya, kuma ku tsaya ta kasa, wato bangaren da ruwa da iska ke turawa, don wanda ya hwada ruwan ya kawo ma shi, ba kai ka bi shi ba. Hudu sun isa in an tsaya haka, goma ma ba su isa in an cunkushe wuri guda.

Abin da masu inji ba su son ji shi na, ranar tsere jirginku ya hi dorina hadari ga yan kwalekwale. Kwalekwalen tsere da mutum bakwai ciki tsakanin bakinai da ruwa bai wuce yatsa hudu ba, kai kuma in ka bude ma 40 wuta igiyar ruwan da kake bari a baya ta isa ta cika shi. Na gani da idona, mai inji ya taho da gudu da niyyar taimakon jirgi guda ya kihe da wasu biyu da ba abin da ya same su. Ku ba su tazara, in gudu ya kama ka yi zagaye ta nesa.

In ka zo dauka ka zo ta kasa, hancin jirgi na kallon inda ruwa ke hitowa, a hankali, saura kadan ka cire giya, in mutum ya matso jikin jirgi ka kashe injin dungurungum. Farfela ko a silo take tana yanke kahwa. Ba a jawo mutum ta wajen inji, ta gehe ake yi, na biyun ya koma dayan gehen ya danne. A mika mai gora ko a jehwa mai igiya da anka daura ma jarka maras komi mai murhi da kyau, kada yaronka ya yi tsalle ya hwada sai in babu yadda za a yi, don wanda ya firgita shake ka yake. Kuma daya bayan daya, mutum bakwai in sunka kama gehe guda tare kai ma ka tahi. Yi musu tsawa su rike kwalekwalensu, na katako ko ya kihe galibi ba ya tahiya kasa kuma ya hi kan mutum saukin gani daga nesa. Ka hwara da wanda ya rabu da jirgin da wanda ya yi shiru. Mai ihu yana da numfashi, yana iya jira.

Yaro_Mai_Gudu:

Hhhh wai duk wannan dogon bayanin akan yan gungu ne? Baba da girmanka amma yaran nan fa kafin su iya tafiya suka iya iyo, Gungawa da Sarkawa ake magana ba yan birni da suka zo yawon sallah ba. Kakanninsu da kwalekwale suke farautar dorina ba inji ba jaket ba usur. Ni a ganina ku bi su kawai yadda shugaba yace ku sha kallonku, fetur ma yanzu wa zai kona shi a banza. Abin da Allah ya rubuta ba jarka ce za ta hana shi ba

Maman_Hanif:

Yaro_Mai_Gudu ƙanena, ba wanda ya ce ba su iya iyo ba, amma ai ka ji ana cewa ruwa gwani yake ci. Wanda ya yi kilomita huɗu yana tuƙi da iya ƙarfinsa ba shi ne wanda ya fito wanka da safe ba, hannu ya mutu, numfashi ya ƙare, tsoka tana iya ɗaurewa, wani kuma lokacin kifewar gefen jirgi ne ko filafilin na kusa da shi zai buge shi a ka ya suma, to sumamme iyon me zai yi? Tawakkali kuma ai da ɗaure raƙumi aka haɗa mana shi. Hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ke ci a shekara, kuma masu zama bakin ruwa da masu sana'a a kansa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Malam Dan_Tasha ni ma'aikaciyar jinya ce kuma na yi aiki a garin bakin kogi, bari in ɗora daga inda Baba ya tsaya. Maganar mai shiru da ya yi ku riƙe ta da kyau. Wanda ruwa ke ci da gaske ba ya ihu ba ya ɗaga hannu irin na fim, a tsaye yake cikin ruwa, kai ya karkata baya, baki na nutsewa yana fitowa, hannuwa na dannan ruwa a gefe, kuma abin daƙiƙa 20 ne zuwa 60 ya ɓace. Shi ya sa mai kallon da ke jirginku kar ya riƙe waya yana bidiyo, a karɓe ta tun a tasha in ta kama.

In kun ciro mutum ba ya numfashi, don girman Allah a bar al'adar nan ta kifa shi ana danna masa ciki ko a ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ne kuma amai ake jawowa ya koma huhu. Iska yake buƙata. Ku shimfiɗa katako mai faɗi a cikin kowane jirgin ceto tun kafin ranar, a kwantar da shi rigingine a kai, a ɗaga haɓarsa a toshe hanci a hura masa numfashi baki da baki sau biyar ana ganin ƙirji na tasowa, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, gudun sau 100 zuwa 120 a minti, a hura 2, a koma 30 a hura 2 haka nan ba tsayawa. A cikin jirgin ake farawa direba na tuƙawa zuwa tudu, kar a ce sai an isa, ƙwaƙwalwa in ta rasa iska minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba a kwantar da shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a rufe shi da bargo don iskar hunturu ba ta gama wucewa ba a Fabrairu. Kuma duk wanda ya shaƙi ruwa yana ta tari a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, huhu yana iya rikicewa bayan awoyi, maza kuma kun san su da jin kunyar a ce an kai su.

Rubutu ba ya koyar da wannan fa, ku nemi 'yan Red Cross ko 'yan agajin da ke garinku su zo su nuna muku hannu da hannu ku goma sha biyun nan. A tasha kuma a ajiye mota da mai a ciki, direba na zaune mukulli na hannunsa, a bar mata hanya kar babura da masu rake su toshe, kuma a sanar da asibitin da ke kusa tun ana gobe.

Sai ƙirga. A rubuta sunan kowa da lambar kwalekwalensa, a sa lambar da fenti ɓaro-ɓaro a hancin jirgi, a ƙirga lokacin tashi a ƙirga lokacin dawowa, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe takardar. Yara suna musanya a minti na ƙarshe, wane ya ce cikinsa na ciwo ƙaninsa ya shiga, in ba a gyara a takarda ba sai ku yi ta neman wanda ke zaune a rumfa ko ku tashi ku bar wanda ke cikin ruwa. Jirgin Warrah da ka ambata mutum sama da 150 ne a ciki, waɗanda aka ceto ashirin da 'yan kai, kuma a lokacin kowa da adadin da yake faɗa, haka aka sake yi a Patigi a 2023. Babu abin da ya kai nema wahala in ba ka san mutum nawa kake nema ba.

Bakano_a_Landan:

Assalamu alaikum. Ni ba ɗan ruwa ba ne, Bakano ne ko a kududdufi ban iya iyo ba, karatu ne ya kawo ni nan kuma masaukina bai da nisa da kogin Tems, wani abokin aikina Bature yana cikin masu fita da jirginsu kyauta ranar tsere, to daga kallo da hira na ɗan tsinci wasu abubuwa.

Tseren jami'o'in Oksfod da Kambirij da ake yi tun 1829, daga Putney zuwa Mortlake kilomita 6.8 ne, kusan tsawon naku kenan, jirage biyu kacal kowanne matuƙa takwas da mai juya akala, mutanen da suka yi wata da watanni suna atisaye, amma duk da haka a 1978 jirgin Kambirij ya cika da ruwa ya nutse ana tsaka da tsere. A 2012 kuma wani mutum ya faɗa kogin da iyo ya shiga gabansu, alƙalin tsere ya tsayar da su nan take aka ciro shi sannan aka sake tashi. Akwai wani ma da ya fi kama da naku, Great River Race, tun 1988 ake yinsa, jirage wajen 300 na gargajiya iri-iri, tafiyar kusan kilomita 35, jiragen ceto a jere a hanya kowa da yankinsa. Babbar ƙungiyar ceto ta ƙasar kuma RNLI tun 1824 take, da kuɗin sadakar jama'a take aiki kuma yawancin ma'aikatan jiragenta 'yan sa kai ne masu sana'arsu daban. Kar a ɗauka su ma da wayonsu aka haife su, tashoshinta na kan Tems sai a 2002 aka buɗe bayan haɗarin jirgin Marchioness na 1989 da ya ci mutum 51.

Abin da na ga ya fi muhimmanci kuma ban ga an taɓo ba shi ne, wa ke da ikon cewa a tsaya? Dole a sami mutum ɗaya, ba shugaban kwamiti ba don shi hankalinsa na kan baƙi da kar a ji kunya, ba kuma wanda ƙaninsa ke kan gaba ba, wanda in ya ɗaga jan ƙyalle ko ya busa usur sau uku tsere ya mutu kowa ya ajiye filafili, kuma a faɗa wa 'yan tsere wannan a gaban hakimi kafin a shiga ruwa. Nan kafin kowane tsere sai an tara direbobin ceto an nuna wa kowa wurinsa da inda zai kai wanda ya ciro. Ku ƙara da doka ɗaya, kwalekwalen da ya ga na kusa da shi ya kife babu jirgin ceto kusa dole ya tsaya, in ya wuce an cire shi ko da shi ya zo na ɗaya, in ya tsaya a ba shi kyauta ta daban don kar ya ji ya yi asara.

Sannan jar igiyar nan mai lanƙwasa da ke jikin hannun injin Yamaha, wadda in an fizge ta inji ke mutuwa. A gida na sha ganin an naɗe ta a jikin injin ko an cire an cusa wani abu a wurin. A ƙafa ko a hannun direba ake ɗaura ta. A 2013 a Padstow da ke kudu maso yammacin Ingila wani iyali suka faɗo daga jirginsu babu wanda ya ɗaura igiyar, jirgin ya ci gaba da zagaye a kansu da inji a kunne, mutum biyu suka rasu. Ka ƙaddara hakan a tsakiyar mutum bakwai da ke iyo.

Sakataren_Unguwa:

Kari kan abin da aka fada, ku rubuta takarda zuwa ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, da ke Yauri da yan sandan ruwa ku sanar da su rana da hanya. Dokar sufurin ruwa ta yanzu ta wajabta rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare, to in kun je ma yan tsere da wannan ba ku ne kuka kirkiro ba. HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, ma ta sha raba riguna a garuruwan bakin ruwa na Kebbi da Neja, ku bincika wajen shugabannin masu jirage da masu unguwanni akwai wadanda ke ajiye a daki, aro za ku yi na yini daya.

Fetur kuma kar kunya ta hana ku magana. Sa kai shi ne ka ba da jirginka da yininka, ba wai ka ciyo bashin mai ba. 40 in an bude mata wuta tana shan kusan lita 20 a awa, jan tankin nan bai fi awa daya da dan kari ba kenan, a silo ba ta kai haka amma ai ba ka san abin da ranar za ta zo da shi ba. Kowa tanki cike da jarka daya ta ko-ta-kwana, a cire daga kudin rajista kafin a sayi lemo

Dan_Tasha:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri wlh na karu. Jiya da dare na karanta ma sauran ukun duka, yau muka je wajen hakimi tare da shugaba. Maganar baki an gama, za a dauko musu jirgi daban kuma ba zai wuce bakin tasha da nisa ba, shugaba bai ji dadi ba amma da hakimi ya tambaye shi in an kife ina za a zuba mutane sai yayi shiru. Jan kyalle an ba wani dattijo cikin Sarkawa wanda ba shi da da ko jika a tseren. Anti Maman Hanif akwai yan agaji da suka ce za su zo ranar Juma'a bayan masallaci su koya mana dannan kirjin.

Inda aka cije shi ne rigar ruwa. Wadanda muka tattaro ba su kai arba'in ba kuma wasu zip ya lalace, yan tsere kuma har yanzu suna kan bakansu, wani ma cewa yayi in an tilasta zai janye jirginsa. Sannan sabis a tsakiyar ruwa sai a hankali, wajen gungun nan in ka kira sau uku da kyar daya ya shiga, ya za mu yi da magana tsakaninmu? Baba Bakabe kuma wane lokaci kuke ganin ya fi, kwamiti na son bayan la'asar wai lokacin baki sun gama isowa

Tsoho_Bakabe:

La'asar a'a, sam. In wani abu ya hwaru karhe biyar awa nawa gare ku kahin duhu? Nema cikin dare a wanga ruwa ba nema ba na. A yi da sahe, sa'ar da masuntanku sunka san ruwa na kwance, su za su hwada muku ba kwamiti ba, bakon da ya makara ya ci shinkahwa ya kalli bidiyo. In an wayi gari da hazo har ba a hango gungun daga tasha to ba a tashi, a jira ko a daga, wannan ma aikin mai jan kyalle na.

Ka tuna Fabrairu lokacin cikar da ake kira bakin ruwa na, wanda ke tahowa tun daga Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso muku cikin rani, tafki cike yake kuma ruwan na da ja ko da sama ya yi lumui. Kuma tun da anka datse Kainji a 1968 itatuwan da ruwa ya cinye kututturansu na nan, in ruwa ya cika suna boye kasa kadan. Ana gobe ku hudun ku bi hanyar tun daga tasha har gungu da wani tsohon masunci, inda ke da kututture a daura jarka mai launi, ku tambayi inda dorina ke kwana kwanan nan don suna canza wuri. Sarkin Ruwa ya sa a yi shela a kwashe kalli da mamari daga hanyar, mutum ya hwada cikin raga ko kugiya ta kama wandonai iyonai bai da amfani, ku ma raga na nade farfela. Wuka mai kaihi cikin kowane jirgi.

Magana tsakaninku ku ari oba-oba wajen yan banga ko yan agaji guda biyar, hudu gare ku guda ga mai takarda a tasha, a gwada su daga gungun ana gobe a yi caji. In ba a samu ba kyalle bisa doguwar gora, ja a zo da gaggawa, hwari lahiya lau.

Riguna ku sha biyun ku hwara sawa, wanda ya zo ceto ba ya gardama. Sauran a ba kananan cikinsu da duk wanda ba a yarda da iyonai ba. Kowane kwalekwale a daure mai jarka biyu a ciki gaba da baya, da guda yankakka ta kwarhe ruwa. Mai cewa zai janye a bar shi ya janye, ranar zai dawo.

Maman_Hanif:

Baba ku yi haƙuri a nan ɗaya ban bi ku ba, jarka sai mai hankalinsa a jiki ke kama ta, wanda ya suma riga ce kawai za ta riƙe shi a sama. Saura makonni ai, in kusan arba'in aka samu cikin kwana biyu a ci gaba da nema, tela ya gyara zip ɗin, ko a raba tseren kashi biyu jirage bakwai-bakwai a riƙa musayar rigunan, mutum 49 kenan a ruwa lokaci ɗaya, ku ma gadin ya fi muku sauƙi.

Dan_Tasha:

Anti wannan ta raba biyu ta zauna min, sai dai fetur zai ninka kuma sai an yi zagaye na uku na wadanda suka yi nasara, zan kai ma kwamiti gobe in ji ta bakin ma'aji. Baba an gode, mun sa Laraba mu zaga hanyar. In akwai wanda ke kusa da Yauri ko Ngaski da ya san inda za mu samu aron oba-oba ko karin riguna ko guda biyar ne ya min magana ta inbos dan Allah, zan zo in karba da kaina in dawo da su washegari